Tomaž Šalamun a Bakin Turanci: Abin da Ya Tsallake da Abin da Ya Maƙale a Hanya

Sloveniya ƙaramar ƙasa ce da ke maƙale tsakanin Italiya da Ostiriya da Hungari da Kuroshiya. Masu jin harshenta miliyan 2 ne da 'yan kai, ba su ma kai mutanen birnin Kano ba. Daga wannan ɗan harshe Tomaž Šalamun ya fito, ana furta sunan nasa Tomaj Shalamun, kuma kafin rasuwarsa a ranar 27 ga Disamba 2014 ya shiga sahun sha'iran Turai da matasan marubutan Amurka suka fi karantawa da kwaikwayo. Littattafan waƙoƙinsa a harshensa sun haura 40, waɗanda suka fito da Turanci kuma sun haura 15. Sai dai Shalamun ɗin da mai karatun Turanci ya sani gini ne na hannuwa da yawa, an yi shi cikin shekaru kusan 50, ba a kuma bi tsarin da shi sha'irin ya bi ba. Duk mai son fahimtar waƙarsa ta hanyar fassara yana buƙatar sanin yadda aka yi wannan gini.

Gidan da ya taso a ciki

A Sloveniya sha'iri ba abin wasa ba ne. Mutanen ƙasar sun shafe ƙarnuka ƙarƙashin mulkin wasu, yawanci masu jin Jamusanci, harshensu ne kawai tutarsu. Shi ya sa France Prešeren, sha'irin da ya rayu daga 1800 zuwa 1849, ya zama uban ƙasa ta wata fuska: daga waƙarsa aka ciro taken ƙasa, ranar rasuwarsa, 8 ga Fabrairu, ranar hutu ce, mutum-mutuminsa kuma yana tsaye a babban dandalin Ljubljana, babban birnin ƙasar. Waƙarsa mai kari ce da amsa-amo, ɗaure tamau, har ma ya gwada salon gazal da ya samo asali daga Larabawa da Farisawa. Duk sha'irin da ya biyo baya an ɗora masa nauyin tsaron harshe da mutuncin al'umma.

An haifi Shalamun a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, a 1941, ya girma a Koper, garin gaɓar teku da ke dab da birnin Trieste na Italiya, inda ake jin Italiyanci a kasuwa da kan titi. Tarihin zane-zane ya karanta a Jami'ar Ljubljana. Waɗannan abubuwa biyu suna bayyana a waƙarsa: kunnensa ya saba da cakuɗar harsuna tun yana yaro, idonsa kuma na mai kallon zane ne, yana jera hoto kusa da hoto ba tare da ya gina gada tsakaninsu ba.

A 1964, lokacin Sloveniya tana cikin Yugoslaviya ta shugaba Tito, ya buga waƙa mai suna Duma 1964 a mujallar Perspektive, wadda yake cikin editocinta. Sunan ba nasa ba ne. Oton Župančič ya rubuta wata Duma a 1908, waƙar kishin ƙasa da 'yan makaranta suka sani, inda mai magana yake yawo a ƙasarsa yana kwankwaɗar kyawunta. Shalamun ya ɗauki ɗangon nan da kowa ya haddace, ya bar farkonsa yadda yake, ya sauya ƙarshensa: nasa mai yawon gyambon ciki ya kwaso. A cikin waƙar kuma akwai mushen kyanwa, ga shi akwai wani jigo mai tsaurin ra'ayi a jam'iyya mai mulki, Ivan Maček, wanda sunansa ke nufin muzuru. Aka rufe mujallar, aka tsare Shalamun kwana 5. Ya fito da suna. Littafinsa na farko, Poker, shi da kansa ya buga shi a 1966, ya kuma buɗe shi da waƙar da mai magana ke cewa ya gaji da siffar ƙabilarsa, ya yi ƙaura.

A nan mai fassara ke fara cin karo da bango. Ɗangon gyambon ciki yana tsallakewa zuwa Turanci lafiya lau, kalma da kalma, amma abin da ya sa ya girgiza mutane ba ya cikin kalmomin. Yana cikin kan mai karatu wanda ya haddace Župančič tun yana ɗan firamare. Kwatanta da wanda ya ɗauko baitin wata waƙar wa'azi da kowane almajiri ya sani, ya karkatar da ƙarshensa: Bahaushe zai ji tsikar jikinsa ta tashi, baƙo kuwa zai ji magana ce kawai. Haka ma kyanwar. Ba'amurke zai ga mushe a cikin waƙa ya ɗauka wani hoto ne na ban mamaki, ba zai san cewa saboda wannan mushen aka kulle mutum ba. Sakamakon wannan babba ne: Shalamun na Turanci ya fi na asali kama da mai mafarki, na asalin kuwa ya fi shi faɗa da mutanen gidansu.

Yadda ya isa Amurka

Bayan Poker ya shiga ƙungiyar masu fasahar zamani da ake kira OHO, wadda aka gayyata baje koli a gidan adana zane-zanen zamani na New York a 1970. A farkon shekarun 1970 kuma ya zauna a Jami'ar Iowa, cikin shirinta na marubutan ƙasashen duniya. A can ya haɗu da sha'irai irin su Anselm Hollo, ya kuma nutsa cikin waƙar Walt Whitman da Frank O'Hara da John Ashbery. Ƙananan littattafansa biyu na farko da Turanci, Turbines da Snow, a wannan zamanin ƙananan maɗaba'u suka fitar da su. Daga baya ya zauna a Meziko, ya yi aikin jami'in al'adu a ƙaramin ofishin jakadancin Sloveniya a New York cikin shekarun 1990, ya kuma koyar a jami'o'in Amurka da dama. A gida an ba shi babbar lambar Prešeren a 1999.

Abin lura shi ne ruwan ya gudana ta ɓangarori biyu. Waƙar Amurka ta shiga harshensa tun kafin a fassara shi da yawa. Da aka zo mayar da shi Turanci, sai Amurkawa suka ji wani amo da suka sani, suka yi maraba da shi kamar ɗan gida da ya daɗe a tafiya. Wannan ya sauƙaƙa masa hanya, ya kuma jawo haɗarin a goge duk abin da bai yi kama da nasu ba.

Littafin da ya buɗe masa ƙofa sosai shi ne zaɓaɓɓun waƙoƙin da maɗaba'ar Ecco ta fitar a 1988, Charles Simic ya tace, Robert Hass ya rubuta gabatarwa. A 1997 aka samu The Four Questions of Melancholy, wanda Christopher Merrill ya tace, sai Feast, wato biki, a 2000, shi ma tacewar Simic. Dukkan ukun tsince-tsince ne daga littattafai daban-daban, da hannun masu fassara daban-daban. Akwai ma abin da ke ruɗa mutane: yana da littafi a harshensa mai suna Praznik, wato biki, na 1976, amma Feast na Turanci zaɓe ne na edita, ba a ɗauki wancan an fassara daga bango zuwa bango ba.

Cikakkun littattafansa kuwa sun iso a hargitse. Poker na 1966 sai a 2003 ya fito da Turanci, bayan shekara 37. Littafin da ya sa wa sunan matarsa, mai zane Metka Krašovec, ya fito a 1981, fassararsa a 2001. On the Tracks of Wild Game na 1979 ya jira har 2012. Amma Woods and Chalices na 2000 ya tsallake a 2008, The Blue Tower na 2007 kuma a 2011. Wanda ya bi shekarun bugun Turanci zai karanta magidanci kafin saurayi, sannan dattijo, sannan ya koma wa magidanci. Kuma bambancin ba kaɗan ba ne. Waƙoƙin farko suna da tsokana da jerin abubuwa da kirarin kai, har yana ambaton sunansa a cikin waƙa yana yi wa kansa take. Na tsakiya, musamman na zamanin Meziko, sun fi ba da labari, da mutane da garuruwa da mafarkai. Na ƙarshe jumloli ne gajeru a jere, kowace ta kama gabanta, ga sunayen mutane da wurare birjik ba bayani.

Hanya biyu ta fassara

Akwai masu fassara da suka san harshen Sloveniya ciki da bai. Michael Biggins na Jami'ar Washington da ke Seattle, wanda ya fassara manyan littattafan ƙirƙira na ƙasar, shi ya yi littafin Metka da The Blue Tower. Sonja Kravanja ta yi The Shepherd, the Hunter a 1992, ta kuma yi On the Tracks of Wild Game. Irin waɗannan suna aiki kai tsaye daga asali.

Hanya ta biyu ita ce ta haɗin gwiwa, kuma da ita aka yi kaso mai yawa na aikin. Shalamun yana jin Turanci sosai. Yakan fitar da ɗanyen juyi, kusan kalma da kalma, ya miƙa wa wani sha'irin Amurka wanda sau da yawa ba ya jin harshen asalin. Shi kuma ya gyara nahawu, ya daidaita numfashin ɗango, ya yi tambaya inda bai gane ba. Su tattauna, su sake gyarawa, a aika wa mujallu, in waƙoƙin sun taru a haɗa littafi. Ta haka Joshua Beckman ya yi Poker, Matthew Rohrer ya yi Blackboards, Brian Henry ya yi Woods and Chalices, kowanne da sunan Shalamun a gefen nasa.

Hanyar tana da fa'ida ta gaske. Waƙar tana fitowa da rai, domin sha'iri ne ya taɓa ta a ƙarshe, mai waƙar kuma yana nan ya ce e ko a'a. Amma tana da ramuka uku da ya kamata a sani. Na ɗaya, marubuci ba shi ne mafi iya ganin abin da ke da wahala a harshensa ba, domin abin da ya zame masa jiki ba ya lura da shi, kamar yadda Bahaushe ba ya tsayawa tunanin bambancin ka da kin. Na biyu, in marubucin ya ga wata kalmar Turanci ta burge shi, yana da ikon sauya waƙar, babu mai hana shi, sai fassarar ta zama sabon rubutu. Na uku shi ne mafi tsanani, kuma ya taɓa Shalamun fiye da kowa. A waƙar da ke bin hankali, kuskuren fassara yana tona kansa, domin jumlar za ta yi banbaraƙwai. A waƙar da dama can banbaraƙwai ne sana'arta, kuskure yana ɓuya cikin jama'a. In ɗango ya ce wani abu da bai haɗu ba, abokin aikin da ba ya jin harshen ba shi da ma'aunin da zai gane ko nufin sha'iri ne ko tuntuɓen ƙamus. Ko dai ya bar kuskure ya wuce da sunan fasaha, ko ya gyara abin da aka karkatar da gangan. Gyaran nan ya fi ɓarna a ganina, domin yana mayar da waƙa mai ƙaya ta zama mai santsi.

Inda nahawu ke cin waƙa

Tunda waƙarsa ba ta da kari tsayayye ko amsa-amo, ana iya zaton fassara ta ba wuya. Wahalar ta koma cikin nahawu ne.

Harshen Sloveniya yana da tilo da jam'i, yana kuma da sigar mutum biyu, abin da ɗaliban Larabci suka sani da musanna. Ya ma zarce Larabci a nan, domin yana da ita har ga mai magana. Midva na nufin mu biyu, in duka maza ne ko namiji da mace. Midve na nufin mu biyu mata. Mi kuwa daga uku ne zuwa sama. Aikatau ma yana bi: greva, mu biyu muna tafiya, gremo, mu da yawa muna tafiya. A waƙar ƙauna ko ta abota, wannan ɗan ƙarshen kalma yana rufe ƙofa, ya bar mutum biyu su kaɗai a ɗaki, ba tare da an ce komai ba. Turanci kalma ɗaya gare shi ta mu. Mai fassara ko dai ya bar ta haka, masoya biyu su zama taron jama'a, ko ya riƙa ƙara kalmar biyu a kowane ɗango, abin da aka faɗa da raɗa ya koma shela. Ga sha'irin da ya fara aikinsa da ƙaura daga mu ta ƙabila, bambancin mu na biyu da mu na taro ba ƙaramin abu ba ne.

Sai jinsi. A shuɗaɗɗen lokaci aikatau yana nuna namiji ne ko mace: prišel si, ka zo, prišla si, kin zo. Hausa tana kama wannan daidai, Turanci kuwa ba ya iyawa. Waƙoƙin Shalamun cike suke da kiran wani, wani lokaci mace, wani lokaci aboki namiji, wani lokaci abin da ya fi kama da abin bauta, kuma a Turanci duk sun zama mutum ɗaya marar fuska. Harshen yana nuna jinsin mai magana ma: prišel sem in namiji ne ya ce na zo, prišla sem in mace ce. A nan Hausa ma ta gaza.

Sunaye kuma suna da sigogi 6 gwargwadon aikinsu a jumla, ninki biyu na i'irabin Larabci mai rafa'u da nasabu da jarru. Da yake ƙarshen kalma ne ke nuna wa ya yi, wa aka yi wa, sha'iri yana iya jefa kalma duk inda ya so, ya ajiye mai girgizawar a ƙarshen ɗango. Turanci tsarin jeri yake bi, don haka mai fassara yakan zaɓi ɗaya: ya tsare ma'ana ya ɓata inda mamakin ke faɗowa, ko ya tsare mamakin ya murɗe jumla. Ga kuma 'yan kalmomin nan na Turanci da ke nuna ko abu sananne ne ko baƙo, waɗanda harshen Sloveniya ba shi da su. Duk sunan da ya zo, sai mai fassara ya yanke: wani doki ne, ko dokin nan? A waƙar da abubuwa ke faɗowa ba sallama, wannan hukunci yana sauya komai. In ya ce dokin nan, ya nuna kamar mai karatu ya kamata ya san shi, waƙar ta ƙara sirri. In ya ce wani doki, ta zama tatsuniya. Asalin bai zaɓa ba.

A wasu kalmomi ma Hausa ta fi Turanci kusa da shi. Roka hannu ne tun daga yatsu har kafaɗa, noga ƙafa ce gaba ɗayanta, Turanci kuwa dole ya raba kowanne gida biyu. Jezik harshe ne, na cikin baki da na magana, kamar dai a Hausa. Launi ma yana da tarko: sunan asali na The Blue Tower shi ne Sinji stolp, kuma sinji shuɗi ne na sararin sama, kalma mai ƙanshin adabi. Kalmar yau da kullum ta shuɗi ita ce moder, wadda kuma take nufin mai hikima. Turanci ya zuba su a kwano ɗaya.

Akwai asara guda da ba ta da magani. Shalamun yakan tsoma Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci da Turanci a tsakiyar waƙa. Littafinsa guda ma sunan Sifaniyanci gare shi, Soy Realidad. Sauran harsunan ana barinsu yadda suke, su ci gaba da zama baƙi. Amma ɗangon da ya rubuta da Turanci a cikin waƙar Sloveniya, da zarar an mayar da kewayensa Turanci, ya narke. A asali kutse ne, muryar Amurka ce ta faɗo cikin ƙaramin harshe da ake tsaronsa kamar ƙwai. Wasu masu fassara suna karkata rubutun wurin don nuna alama, amma alama ba ta maye gurbin karo.

Bayan rasuwarsa

Da ya rasu, hanyar haɗin gwiwa ta rufe, sai dai abin da aka riga aka fara. Maɗaba'ar Black Ocean ta ci gaba da fitar da littattafansa, ciki har da Justice da Andes da Druids da Opera Buffa. A 2024 kuma maɗaba'ar Milkweed ta buga Kiss the Eyes of Peace, zaɓaɓɓun waƙoƙi daga 1964 zuwa 2014, duka fassarar Brian Henry, wanda ya daɗe yana aiki da harshen, ya kuma fassara wasu sha'iran ƙasar irin su Aleš Šteger da Aleš Debeljak. Amfanin wannan littafi a fili yake: da hannu ɗaya ne a kan shekara 50, in murya ta sauya mai karatu ya san sha'irin ne ya sauya. Kuɗin da aka biya shi ne kunne ɗaya ke yanke kowane hukunci, kuma zaɓe zaɓe ne, ko wa ya yi shi.

Don haka mai son shiga waƙarsa da gaske zai fi cin riba in ya haɗa iri biyu. Ya fara da littafin Metka, domin cikakke ne, daga asali aka fassara shi, kuma labarinsa yana ba da abin riƙewa. Sannan ya koma Poker ya ga inda aka faro, yana tuna cewa shekarar 1966 yake karantawa. A kowane littafi ya duba abu uku kafin waƙar farko: shekarar da asalin ya fito, ko cikakken littafi ne ko tsince, da kuma ko sunan mai fassara shi kaɗai ne ko tare da na marubucin. Inda waƙa ɗaya ta fito a fassara biyu, kamar yadda ya faru da wasu waƙoƙin farko, ajiye su gefe da gefe yana nuna wuraren da asalin ya bar ƙofa a buɗe, domin a nan ne masu fassarar za su saɓa.

Wanda kuma zai yi yunƙurin kawo shi Hausa ta kan Turanci zai tsaya cak a ɗangon farko da aka kira wani, domin Hausa ba ta barin a wuce sai an ce ka ko kin, Turancin kuwa ya riga ya share amsar. Dole ya nemi asalin, ko bai iya harshen ba, ya duba ƙarshen aikatau da 'yar kalmar da ke biye da shi. Prišla sem mace ce ɗaya ke cewa ta zo. Prišla si ana gaya wa mace ta zo. Prišla sva mutum biyu ne suka zo tare, aƙalla ɗayansu namiji.